Wutsiyar Waya da Kunnen Mahaifiyata

Laifina ne, gara in faɗa tun daga farko kada wani ya wahalar da kansa yana nema mini uzuri. Na taɓa zama a zauren baffana, gaban manya, na ce mahaifiyata ta kurumce, alhali kunnenta yana nan yadda na san shi tun ina yaro. Abin da ya kai ni ga haka wata 'yar igiya ce da tsawonta bai wuce tafin hannu ba.

Shekarun baya kaɗan ne, a ƙauyenmu da ke ƙasar Gangara. Tsohuwar wayata ta faɗa kwamin ban ruwa a bakin rijiya, ta mutu murus. Wake ya yi kyau a shekarar, na kai Tanut na sayar, na dawo da sabuwa, doguwa mai sheƙi, wadda nake gogewa da bakin riga ko ba ta yi datti ba. Sai da na iso gida na lura ba ta da ramin abin kunne. Rami ɗaya ne tak a gindinta, na caji. Da kasuwa ta zagayo na koma, mai tebur ya ba ni abin da ya kira adaptater: gajeruwar igiya fara, kai ɗaya ya shiga ramin caji, ɗayan a soka masa abin kunne. Mahaifiyata da ta ga tana reto sai ta ce, "Wayar taka har wutsiya gare ta?" Daga ranar sunanta wutsiya a gidanmu.

Abin kunnen don mahaifiyata nake ajiye shi. Autarmu aure ya kai ta Agadas, kuma a lokacin tana da cikin fari. Bisa al'ada gida za ta dawo ta haihu, amma likita ya hana ta hawa wannan hanya, aka tsayar cewa mahaifiyata ce za ta je ta zauna da ita har a gama wankan jego. Kira ba ya riƙewa a garinmu, sai mutum ya hau tudun bayan makaranta ya sami rezo, wato layin waya ya kama, saboda haka ƙanwata saƙon murya take turowa. Maganar ciki kuwa tsakanin uwa da 'yarta ce, ni yayanta namiji bai kyautu in ji ba. Ga shi sassan gidanmu dangar kara ce ta raba su, in aka buɗe lasifika har matan ƙannena sun ji. Mahaifiyata ma sanƙarau ya taɓa kunnenta na hagu tun tana budurwa, na dama take ji da shi, sai an ɗan ƙara sauti.

To tsarinmu tun zamanin tsohuwar waya shi ne: in hau tudu in sauko da saƙo, in sa mata abin kunne, in danna, in tafi gindin aduwa in zauna har ta kira ni.

Ranar farko da sabuwar waya na haɗa wutsiya da tsohon abin kunnen, na sa mata, na danna. Ban yi taku uku ba ta ce, "Kai, babu kowa a ciki."

"Akwai mana, Inna. Ga shi yana tafiya."

"Ina jin ta can nesa, kamar mai magana daga cikin rijiya."

Na karɓa, na yi maza na tsayar da saƙon don kada kalma ta faɗo mini a kunne, na kunna waƙa. Ganga ta cika mini kai. Gaskiya muryar mawaƙin ta yi nisa, tana amsa-kuwwa, amma ni a raina na ce ai haka manyan wayoyi suke fitar da sauti. Har wani daɗi na ji. Na mayar mata na ce lafiya lau yake.

Ta sake sawa. Tana lalube da yatsu sai ta matse ɗan ƙullutun da ke tsakiyar igiyar, wanda ake dannawa a amsa kira. Fuskarta ta washe. "Yauwa! Ga ta nan, ga autata."

A daidai lokacin wani rubutu na Faransanci ya tsallo kan fuskar wayar, ni kuwa karatuna bai wuce firamare ba, ban iya karanta shi da sauri ba. Na ɗauka za ta lalata mini waya. Na janye hannunta.

"Inna, don Allah kada ki riƙa matsa abin da ba ki sani ba."

"Ai da na matsa na ji ta."

"Ba haka ake yi ba."

Ta dube ni, ta sauke hannu. Ba ta ƙara matsawa ba.

Haka muka yi wajen mako uku. In kawo saƙo, ta ce ba ta ji, in gwada da waƙa, in ji kiɗa, in ce ga shi yana yi. Ko sau ɗaya bai zo mini in gwada da muryar mutum ba, saboda muryar da ke cikin wayar ta ƙanwata ce, ni kuma na hana kaina ji. Sai na fara ɗaga mata murya a tsakar gida. In zan ce mata ina kwana sai maƙwabta sun ji. Ita ma tun tana musu har ta fara shakka. Wata rana na gan ta tana kaɗa yatsa kusa da kunnenta na dama, tana saurare.

Da lokacin tafiya ya matso, baffana, yayan mahaifinmu marigayi, ya kira mu zaure don a shirya. Nan na buɗe baki. Na ce kunnen Inna ya tafi. Na ce mako uku ke nan ba ta jin saƙon 'yarta, na gwada na gwada. Na ce in likita ya yi bayani ba za ta ji ba, in jariri ya yi kuka ba za ta ji ba, ga tashar Agadas da motoci. Na yi maganar da ƙarfin zuciya irin na wanda ke da sabuwar waya a aljihu. Baffa ya ce to gwaggo, ƙanwarsa, ita za ta je. Motar da aka yi magana da ita za ta tashi daga Tanut bayan kwana goma.

Ni na kai wa mahaifiyata labari. Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ɗago kai ba, ta ce, "To. Allah ya sa haka ya fi alheri."

Washegari ta ɗauki ƙunshin da ta yi watanni tana haɗawa, kanwa da yajin jego da ta daka da hannunta da zannuwa biyu da 'yan rigunan jarirai, ta kai wa gwaggo. Daga nan ta daina fita wurin matan da ke taruwa sussuka. In an yi mata magana sai ta yi murmushi kawai, kamar mai tsoron ta ba da amsar da ba ita aka tambaya ba.

Matata ta ce mini, "Jiya akuya ta shiga bayan rumbu, Inna ta riga ni ji. Wace irin kurma ce wannan?"

Na ce mata ita ba ta san waya ba.

Saura kwana huɗu tafiya, ina wurin injin niƙa, na tuna da saƙon da wani mutumin ƙungiyarmu ta manoma ya turo mini kan maganar iri. Inji yana ruri, sai na zaro wutsiya da abin kunne na sa. Na danna. Wata murya can ƙasa, kamar daga cikin rijiya. Na ƙara sauti har ƙarshe, ba ta matso ba. Na ce rezo ne, sannan na tuna saƙon ya riga ya sauka. Na daɗe ina kallon ɗan ƙullutun nan kafin in matse shi. Muryar mutumin ta faɗo mini a kunne garau, har da tarinsa.



Ga abin da ya fi ba ni kunya a labarin nan, kuma ba zan tsallake shi ba: kwana biyu na yi ban gaya wa kowa ba. Ina ta lissafin yadda zan fita ba tare da an gane ba. Har na yi tunanin in gyara a ɓoye bayan gwaggo ta tafi, in ce Allah ya buɗe kunnen Inna. A rana ta biyu da la'asar na wuce ta sashen gwaggo, na ji mahaifiyata tana yi mata bayani a hankali: autar ba ta son kanwa da yawa a kunu, tana tsoron ruwan zafi tun tana ƙarama, a riƙa lallashinta, kada a yi mata tsawa. Tana faɗa tana maimaitawa, kamar mai ba da amanar abin da ba za ta ƙara gani ba. Na tsaya bayan danga na ce wa kaina wallahi motar nan ba za ta tashi ba sai da mahaifiyata.

Da na ce mata kawai ta ci gaba da matsawa, da ta ji. Amma rubutun nan yana tsallowa ya katse saƙo, kuma baffana mutum ne da ba ya warware magana sai ya ga dalili da idonsa. Dole in san ainihin ciwon, in zo da maganinsa a hannu. Da sassafe na hau babur na kama hanyar Tanut. Bazara ce, yashi ya kayar da ni sau biyu, ban tsaya ko kakkaɓe riga ba.

Mai teburin farko ya ce wutsiyar ce ta mutu, ya sa mini wata. Wayar ta rubuto cewa ba ta san wannan ba, ko kiɗan ma ya ɗauke. Na biyu ya ce datti ne. Ya cire wa wayar rigarta, ya sa tsinke ya ƙwaƙulo zare da yashi daga ramin caji, ya kashe ta ya kunna. Murya tana cikin rijiyarta. Na uku ya juya ta gaba da baya ya ce sai an wanke ta gaba ɗaya. Na tambaye shi saƙonnin da ke ciki fa, ya ce za su tafi. Na fizge abata. Saƙonnin wajen wata guda ne a ciki da ba wanda ya ji.

Rana ta take sannan na tuna da abokina. Tare muka yi firamare. Kirista ne, iyayensa daga Maradi suka zo, shi ke kula da lasifikokin cocinsu, yana kuma gyaran rediyo a wata 'yar rumfa bayan tasha. Yana hango ni ya ce, "A'a, manyan Gangara! Wa ya birkiɗa ka cikin yashi haka?"

Na zube masa kayan a kan tebur, na ba shi labari, amma na ɓoye na zaure.

Ya ce, "Ka taɓa ɗaukar muryarka ka saurara?"

Na ce a'a.

"Mako uku?"

"Mako uku."

"Kai dai tun a aji haka kake. Amsa kake fara rubutawa kafin malam ya gama tambaya."

Ya sa na ɗauki muryata ina ƙirga ɗaya zuwa goma. Ya ce abu uku ne a nan, waya da wutsiya da abin kunne, kuma ɗaya-ɗaya za mu riƙa canzawa, don wanda ya canza biyu a tare ba zai san mai laifi ba. Muka tura muryar cikin wayarsa, muka sa mata wutsiyata da abin kunnena. Rijiya. Ya ce to wayarka ta fita. Muka dawo kan tawa, da wutsiyata, ya ciro abin kunnensa daga aljihu ya soka. Na ji kaina ina cewa ɗaya, biyu, uku, kamar ina tsaye kusa da kaina.

Ya ɗaga kan ƙarfen tsohon abin kunnen ya nuna mini. Gaɓa huɗu ne, da baƙaƙen zobba a tsakani. Ya ce a ido duk iri ɗaya ne, amma na wasu tsofaffin wayoyi gaɓoɓin ƙasa guda biyu a juye suke. In ka sa irinsa a wutsiyar zamani, hanyar da wuta za ta koma ba ta haɗuwa. Muryar mutum ana turo ta kunnuwa biyu daidai wa daida, sai su cinye juna. Kiɗa kuwa kowane kunne da nasa rabon, shi ya sa yake tsira. Ya ce da za a matse ƙullutun nan, hanyar za ta haɗu, murya ta dawo.

Na ce, "Na sani. In an matsa tana fitowa."

Ya dube ni. "Wa ya nuna maka?"

"Inna."

"Yaushe?"

"Ranar farko."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "To me ka zo nema wurina? Kana da makanike a gida, ka sha yashi ka zo Tanut?"

A nan na gaya masa sauran, har na zaure da na gwaggo. Bai yi dariya ba, shi da ba ya barin abin dariya ya wuce. Ya tone akwatinsa ya fito da abin kunne mai gaɓa uku, marar ƙullutu, irin mai faɗin kai da ke zama a kunnen tsofaffi. Muka gwada shi sau uku, muka girgiza igiyar, muka juya wutsiyar ta kowane gefe. Ya ce, "Wannan na gyara. Ɗayan kuma, na zauren, ba ni da kayan aikinsa."

La'asar sakaliya na iso. Na tsaya a tudu na sauko da sabon saƙo, na shiga gida da yashina. Mahaifiyata tana zaune a bakin ɗakinta.

"Inna, ga saƙon auta."

"Kai wa gwaggonka. Ita ke da kunne."

"Sau ɗaya kawai. Don Allah."

Ta karɓa ba da son ranta ba. Na koma saƙon farko na wajen wata guda da ya wuce, na danna, na tafi gindin aduwa. Shiru. Can sai na ji dariyarta, wadda na yi kwanaki ban ji ba. Sai kuma shiru mai tsawo. Sai na ji tana yi wa wayar faɗa: "Ke! Wa ya ce ki sha wannan?" Ta manta ba kira ba ne. Sau da yawa ta kira ni in danna na gaba, in koma gindin aduwa, har aka kira magariba.

Da ta gama ta miƙo mini wayar, idanunta jajir. Ni kuma sai tsohon halina ya motsa. Na ce, "Ashe igiyoyin ne ba su dace da juna ba, Inna."

Ta ce, "Igiyar ce ta je zauren baffanka?"



Da safe na bi su ɗaya-ɗaya, baffa da gwaggo da ƙannena da duk wanda ya ji maganata ta farko, na roƙe su su zo zaure. Na roƙi mahaifiyata ita ma ta zo. Na sa wa baffa tsohon abin kunnen, na kunna masa ƙirgata. Ya karkata kai, ya runtse ido, ya ce shi bai ji komai ba.

Gwaggo ta ce, "To kai ma ka kurumce, Yaya. Sai a nema mana wani babban."

Aka yi dariya, har baffa. Na canza masa sabon, ya ji, ya cire ya ajiye a tabarma ya daɗe yana kallona. Gwaggo ta aika aka ɗauko ƙunshin, ta ajiye gaban mahaifiyata ta ce dama gwiwarta ba ta son mota.

Washegari ni na kai mahaifiyata Tanut a bayan babur, ƙunshin a tsakaninmu, na tsaya har motar ta tashi. Ta yi wata biyu a Agadas. Yarinyar da aka haifa yanzu ita ke turo mata saƙo, da surutu kamar na uwarta.

Har yau in abu ya lalace mini, waya ko babur ko famfon feshi, ɗaya-ɗaya nake canzawa kamar yadda abokina ya koya mini. Wannan mai sauƙi ne. Wanda ban gama koya ba shi ne in tsaya in saurari mutum idan ya ce ga abin da ya ji da kunnensa, ko da ina ganin na fi shi sanin abin. Mahaifiyata ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta gano gyaran a minti ɗaya, ni na janye hannunta. Tsohon abin kunnen yana rataye a ƙusa a ɗakina, matata ta sha cewa in jefar, na ƙi.

A zauren nan kuwa, bayan an ajiye ƙunshin, baffa ya ce, "To, ka tara mu. Da sauran magana?" Na ce da saura. Na taso daga inda nake, na durƙusa ta gefen kunnenta na dama. Ban ɗaga murya ba, na yi maganar a hankali yadda ake yi wa mai ji.

Na ce, "Inna, a nan na faɗa, shi ya sa na dawo nan. Na ce kin kurumce, ƙarya na yi miki. Kin gaya mini gaskiya tun ranar farko, na ture hannunki don ina tsoron wayata. Na yi ta yi miki ihu a tsakar gida gaban surukanki. Na gane kuskurena kwana biyu kafin in motsa, ina ji kina ba gwaggo amanar autarki, na yi shiru don kada a ce ban iya ba. Ba ni da hujja ko ɗaya. Ki yafe mini, Inna."